Ɗauri Mai Shida

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Yau kwana goma sha ɗaya da rufe hanyar shigowa gari saboda rikicin nan. Manaja ya ba ni wannan littafi don in riƙa rubuta kayan da suka shigo ɗakin tiyata. To tunda ko tsinke ba ya shigowa, bari in rubuta abin da ke cina.

Ƙyallayen tsane jini sun ƙare tas tun Asabar. Ina nufin manyan nan na kamfani da muke cusawa cikin ciki idan an buɗe shi, masu shuɗin zare da ke fitowa a hoto. Shekara ashirin da uku ina miƙa wa likitoci kaya, ban taɓa zaton zan tsaya gaban tela ina gwada masa faɗin tafin hannuna ba. Jiya haka aka yi. Na kwashi farin yadin da aka ajiye don labule na kai wa telan bakin ƙofa, na ce guda sittin, ninki huɗu. Wai ko ina son ya yi musu ado a gefe. Kallonsa kawai na yi.

Inna mai wanki ta wanke su, ta ɗaure biyar-biyar yadda aka saba, na turara su a tukunya kan gawayi. Da babu gara ba daɗi.

Aikina dai ba wani abin a zo a gani ba ne. Kafin a yanka in ƙirga, kafin a rufe in ƙirga, abin da ya shiga ciki shi zai fito. Likita ba ya sa zare sai ya ji na ce ya cika. Shi kaɗai ya rage mana cikin likitoci huɗu, kuma tun yana ɗalibi bai iya riƙe wuƙa ba na san shi. Yanzu har waƙa yake yi ta hanci yana yanka, waƙa guda ɗaya tal, ni ce mai shan ta.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Ba ruwa. Tankar ba ta zo ba.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Manaja yana son rahoton wata, kwafi uku. Na tambaye shi wa zai kai, tsuntsu? Ya ce tsari tsari ne. Mutumin nan ko rufin asibiti ya faɗo masa sai ya nemi a sa hannu tukuna.

Na leƙa gida. Tsohuwata tana nan daram, ta ce ba inda za ta je ta bar kajinta. Baban yara da yara sun tafi a motar ƙarshe, ita ta zauna, ni kuma na zauna saboda ita, ita kuma wai ta zauna saboda ni. Ga waya a hannu, ba layi.

Alhamis, ƙarfe shida da rabi na yamma

Ba zan iya rubutu ba yau.

Mutum goma sha huɗu a bayan tipa, lokaci guda, wajen ƙarfe tara na safe. Mun ji ƙarar fashewar tun muna shan shayi, har cokula suka motsa a tire. Uku ba su iso da rai ba. Sauran aka jera su a baranda, a ƙasa, jini yana bin magudanar ruwan sama.

Ciki biyu muka buɗe. Na farko direban tankarmu ne, ashe shi ya sa jiya bai zo ba, ya kwana a hanya, yau ya taso da ruwa abin ya same shi a kwanar kasuwa. Hanjinsa ya huje wuri uku. Ta biyu wata malamar firamare ce, ta je ɗauko rajistar ajinta daga makarantar da aka rufe tun makon jiya. Rajista fa. Gutsuren ƙarfe kamar ɗan yatsa muka ciro mata.

Ban zauna ba. Nas ɗin da ke taya ni tana baranda tana danne wa wani cinya, Likita yana ihu a ba shi wuƙa, Mai Barci, wato mai yi mana allurar sa barci, yana cewa jini na sauka. Na kwance ɗauri huɗu wa Direba, huɗu wa Malama. Ashirin suka fito nan, ashirin suka fito can. Na ce ya cika, sau biyu, aka rufe.

Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi fita.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Dukansu sun farka. Direba bai tambayi matarsa ba, tayoyin tankarsa ya tambaya. Malama kuwa tana buɗe ido ta ce wa ƙanwarta ta gyara ɗankwalinta, ba a zama haka gaban mutane.

Mai Barci ya nuna min maganin sa barcin da ya rage: kwalba biyar. A aljihun rigarsa yake yawo da su, har banɗaki. Mutum ne da ba ya ɗaga murya ko gobara ake yi, abin da ke ƙara ƙona min rai ke nan.

Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

An samo ruwa a jarkoki daga rijiyar bayan gari. Inna ta yi wanki.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Inna ta same ni a bakin igiyar shanya tana ta leƙe-leƙe. Na ce me ya ɓata? Ta ce ɗan autan.

Na ce wane ɗan auta kuma?

Ashe tela da ya gama sittin, yadi ya ragu, sai ya ɗinka ɗaya na gyara. Alheri ya yi mana. Inna ta ɗaure goma sha biyu, ga ɗaya a hannunta ba abokin tafiya, sai ta cusa shi cikin wani ɗauri.

"Ai ban ga amfanin barinsa shi kaɗai ba, 'yar nan. Na ce ki samu ƙari."

Na tambaye ta wane ɗauri. Ta ce duk farare ne, ina za ta sani? Arba'in ta karɓa daga ɗakin tiyata ran Alhamis, arba'in ta shanya. Ta ɗauka zan ce mata yana wurina.

Na zazzage mata. Na ce shekara nawa tana ɗaure kaya, wa ya taɓa ce mata shida, ko an ce mata gyaɗa take sayarwa da za ta yi gyara? Tsohuwar da ta haifi kamata, ta tsaya da hannu duk kumfa tana kallona. Daga ƙarshe ta ce, a hankali:

"To ke ba kin ƙirga ba da kika kwance?"

Na ce ta je ta kwashe shanya hadari na haɗuwa. Ko gajimare babu.

Lahadi, ƙarfe takwas na safe

Ɗauri huɗu ne ba a taɓa ba, suna cikin gwangwanin dafaffun kaya. Na kwance su duka, na ɓata turarawar gawayi guda. Biyar, biyar, biyar, biyar.

Ke nan mai shidan yana cikin takwas ɗin da na kwance ran Alhamis. Arba'in da ɗaya suka shiga ɗakin nan, arba'in suka fita.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Yana iya yiwuwa ya bi shara. Na ɗauki sanda na je ramin da muke ƙona ƙazanta, na tone shi har ƙasa. Bandeji, safar hannu, toka, abin da ba zan rubuta ba. Mai gadi ya tsaya daga nesa yana kallona, ya ce ko zobe na yar. Na ce e, zobe.

Yana iya yiwuwa ya ƙone. Yana iya yiwuwa ya manne a zanin wani an kai shi baranda. Yana iya yiwuwa Inna ce ba ta iya lissafi ba, ko telan ne ya yi mata baki. Na duba ƙarƙashin tebur, bayan kabad, cikin takalman roba.

Injin hotonmu ya mutu tun bara, kuma ko yana aiki, yadin labule ba ya fitowa a hoto.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Direba yana zazzaɓi. Malama ma da ɗan ɗumi. Kowa a asibitin nan yana zazzaɓi, har ni. Wanda aka fasa wa hanji a kan titi ai dole ya yi zazzaɓi. Ba wani abu ba ne.

Saura kwalba huɗu. Mace mai naƙuda, yaro ya zo a gicciye.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Malama ta mai da ɗakin mata aji. Tana kwance da robar hanci amma ita ke tsara wa zai sha ruwa da fari, wa zai bi baya, kuma ba mai musu. Ta sa an matsar da gadon wata tsohuwa daga inda rana ke dukanta, abin da na yi kwana uku ina faɗa ba a yi ba. Da na zo wanke mata ciwo ta ce ita ba ta yarda kowa ya taɓa ta sai ni, wai hannuna bai san gaggawa ba.

Na yi mata wanka da rabin bokiti, don ƙanwarta tsoron ɗinkin take. Tana ta ba ni labarin 'ya'yanta uku da ke wurin kakarsu a ƙetaren gada, da wanda ya fi rashin ji, da wanda ba ya cin abinci sai an yi masa tatsuniya. Ni kuma ina goga mata baya idona na kan cikinta. Ban san abin da nake zaton zan gani ba.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Ba ruwa. Ba wuta. Janareta na tari.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Likita ne ya fi ba ni haushi yau. Ya kawo sababbin masu taimako biyu da suka zo daga unguwa, yana nuna musu ɗakin tiyata, sai ya nuna ni kamar wata tsohuwar bishiya. Ya ce a nan ba a bukatar injin hoto. In Sista ta ce ya cika, ko inji ya ce da saura, injin ne ya yi ƙarya. Suka yi dariya. Ni ma na yi.

Wa ya aike shi? Ya yi aikinsa mana ya bar ni.

Inna ta daina gaishe ni da 'yar nan. Yanzu Sista take cewa, kamar kowa. Ɗaurinta kuwa, sai ta kawo ta ajiye a gabana ta ƙirga da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta tafi.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Na kwana biyu ban je gida ba, yau na je. Tsohuwa ta zuba min abinci na tsakura na ture. Ta dube ni ta ce wa na kashe. Wasa take yi, haka bakinta yake. Na ce ba kowa. Ta ci gaba da watsa wa kaji tsaba, can ta ce, ba tare da ta juyo ba, barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa.

Na ce ita da ba ta san komai a kai ba ta bar ni in ji da abin da ya dame ni. Ta ce ai ita ta haife ni, tun ina shekara biyar in na fasa kwano sai in kama shara ba a sa ni ba. Na duba, tsintsiya ce a hannuna.

Kwalba uku. An yanke wa wani ƙafa.

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Direba ya rikice. Zafin jikinsa ya haura arba'in, ciki ya yi tauri kamar ganga, yana kiran sunan wani yana cewa a rufe famfo. Matarsa ta riƙe min gefen riga ta ce ai an ce aikin ya yi kyau. Na ce ya yi kyau.

Malama ta yi amai sau biyu. Ta ce kada in damu, ƙanwarta ce ta ba ta ruwa da yawa.

Ga abin da nake ta juyawa. In na faɗa, wa za a buɗe? Mutum biyu ne, ƙyalle ɗaya. In aka buɗe wanda ba shi ba, an yanka bawan Allah a banza, an ƙone kwalba. In kuma yana cikin toka tun makon jiya, na sa an yanka mutum biyu saboda Inna ta yi gyara. Wannan hujja ce mai kyau, na yi kwana biyar ina shan ta safe da yamma. Sai dai na san ba ita ce ta rufe min baki ba.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Ban ƙirga ba da na kwance. Ga shi na rubuta. Na ga zaren ɗauri, na ga hannun Inna, na ce biyar ne, don shekara ashirin da uku biyar ne. Ina jin kunya, kuma ina jin tsoro, kuma kunyar ta fi yawa, wannan shi ne abin da ya fi muni.

Kwalba biyu. Ban ma tambayi na wa aka yi ba.

Juma'a, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Na samu Likita a wurin wanke hannu, yana goge farce da burushin da ya rage gashi uku. Na faɗa masa duka, a tsaye, tun daga tela har ramin shara. Na shirya ya yi ihu. Da ya yi ihu da na samu abin riƙewa.

Waƙar hancin ce kawai ta tsaya. Ya ce, "Wane ne a cikinsu?"

Na ce ban sani ba.

Ya ajiye burushin. Sannan ya aika a kira Mai Barci, muka tsaya mu uku a lungu kamar masu raba gado. Mai Barci ya zaro kwalaben ya ɗora a tafin hannu, ya ce biyu ne, kuma kowace ba ta wuce aikin awa ɗaya da rabi in ana so mutum ya kwanta lafiya. Ya ƙara da cewa ran Asabar biyar ne. Bai dube ni ba da ya faɗa. Lissafi kawai yake yi, shi ya sa ta shige ni.

Likita ya ce Direba ya fi jin jiki, da shi za a fara.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Babu.

Ɗinkin hanjinsa ne ya saki wuri ɗaya, mugunya ta taru ta kai kofi uku. Likita ya wanke, ya gyara, ya laluba kowane lungu har bayan hanta, sau biyu. Ya ce da an ƙara kwana ɗaya da Direba ya tafi, don haka ko ba komai an ci riba. Ya faɗa ne don in ji sanyi. Ban ji ba, don duk wanda ke ɗakin ya san abin da babu ɗin take nufi.

Na ƙirga kafin a yanka, da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Nas ɗin da ke taya ni ta ɗaga kai ta dube ni, don ba ta taɓa jin muryata ta yi haka ba.

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Cikin Malama ya kumbura, amai ya koma kore. Likita ya ce zai gaya mata cewa ruwa ne ya taru, za a buɗe a kwashe, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ya ce ba sai an kawo sunan kowa ba. Yaron kirki ne, ya so ya rufa min asiri. Na ce ya bari, ni zan je.

Na sa ƙanwarta ta fita. Na ja labule, na zauna a bakin gado, abin da nake hana kowa yi. Na ce mata akwai ƙyalle a cikinta, mu muka bar shi, ni na bar shi, kuma yau za a sake buɗewa a ciro.

Ta saurara kamar tana karɓar hadda. Ta tambayi girmansa, na nuna mata tafin hannu. Ta tambaya ko za ta tashi, na ce Likita yana sa rai. Ta ce to, kuskure ai na ɗan Adam ne, ranar nan ko ita da ke kwance ta ga yadda muke. Har na fara sakin numfashi.

Sai ta ce, "Yaushe kika sani?"

Na ce Asabar.

"Yau Asabar."

Na ce waccan.

Ta shiga lissafi, na ga leɓenta na motsi.

"Ran Litinin kin yi min wanka," ta ce. "Na ba ki labarin yarana."

Na ce e.

Ta juya fuska bango. Ta ce a kira mata ƙanwarta.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Yana nan. Ƙasan ciki, ta hagu, ya naɗe kamar tsumman goge tukunya, hanji ya manne masa ta ko'ina. Da kwana biyu ne da sai a ɗaga shi da hantsaki a rufe. Kwana tara ya yi. Wurin ya ruɓe, dole Likita ya yanke hanji kamu guda, kuma bai yarda ya haɗa a cikin wannan ƙazanta ba, sai ya fito da bakin hanjin ta gefen ciki. Da leda za ta riƙa bayan gida, wata uku ko fiye, sai an samu inda za a mayar mata.

Aikin ya ci awa biyu da minti arba'in. Duk tsimin da aka yi, kwalbar ta ƙare muna kan rufewa. Mai Barci ya yi mata allurar kashe fata, ya riƙe kanta da hannu biyu yana yi mata magana a kunne, amma ta ji. Ɗinki goma sha ɗaya na ƙarshe duk ta ji su. Ba ta yi ihu ba, wani sauti take yi ta haƙora, kuma ni ce ke miƙa zaren.

Ashirin suka shiga, ashirin da ɗaya suka fito. Likita ya tsaya da allura a hannu yana jira. Sai da ya ce, "Sista?" sannan na iya cewa ya cika.

Lahadi, ƙarfe tara na safe

Tana da rai. Direba ma ya nemi shayi.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Na je wurin Inna na ba ta haƙuri. Ta ce ita ma tun ranar ba ta yi barcin kirki ba, da ta sani da ta yi tsumma da shi. Muka zauna kan bokitai a kife. Da zan tashi ta ce in miƙo mata sabulu, 'yar nan.

Manaja ya ji labari. Yana son rahoto, kwafi uku. Wannan karon na rubuta masa, da sunana a sama, da kwanakin duka. Ya karanta ya ce ba sai na sa kwanakin ba, suna ɓata tsarin takarda. Na ce ya bar su inda suke.

Talata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Zazzaɓinta ya sauka. Ta gaya wa Likita, a gaban kowa, cewa ba ta son in sake taɓa ta. Ba ta ɗaga murya ba. Ya ce to. Yanzu nas ɗin da ke taya ni ce ke canja mata leda, da ledar ruwan ƙari da muka yanke da filasta, don ta gaskiyar ba mu da ita. Yarinyar ba ta iya ba, tana yoyo, fatar wurin ta fara ja. Ina hangowa daga bakin ƙofa ina cizon yatsa, in ta fito in ja ta gefe in nuna mata a kan gwiwata. Ba ta ganewa. Hannu kamar na mai daka.

Ɗakin mata ya hargitse. Ba mai tsara layin ruwa, sai faɗa.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

An ce za a buɗe hanya gobe. An faɗi haka ran Lahadi ma.

Ba kwalba ko ɗaya. Aka kawo wani da harsashi a kafaɗa, maza huɗu suka danne shi.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Ba a buɗe hanya ba. Nas ɗin da ke taya ni ta kwanta da zazzaɓi, Likita da Mai Barci suna kan wani tun asuba. Ƙanwar Malama ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakin kaya tana murza hannu, ta ce ledar ta ɓalle, gado duk ya ɓaci, yayarta tana kuka. Na ce ta san abin da yayarta ta ce. Ta ce ita ce ta aiko ta, ta ce a kira duk wanda ke nan.

Ni ce ke nan.

Na haɗa tire na je. Na yi sallama, ta amsa, fuskarta na bango. Ta ɗage rigarta da kanta. Na wanke ta, na canja zanin gado, na shafa mai inda fata ta saɓule, na yanka leda daidai bakin wurin yadda ba za ta yi yoyo ba. A ƙasan ɗinkin akwai inda muka bari a buɗe don ruwa ya riƙa fita, ana cusa ƙananan ƙyallaye a ciki kullum. Na ciro na jiya, na ɗauko sababbi.

"Nawa kika ciro?" ta ce. Har yanzu bango take kallo.

Na ce uku.

"Nawa aka sa jiya?"

Na duba takardar gado na ce uku.

"Nawa za ki sa?"

Na ce uku.

Sai ta juyo. Ta rame, idanunta sun faɗa, amma kallon na malamai ne.

"Ɗaga su in gani. Ki ƙirga in ji."

Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, a gaban ɗakin mata duka, na ƙirga. Ta ce in sake. Na sake.